Mun ci geron da ba mu noma ba

Ranar da na gaya wa Inna cewa sunana ya fito cikin waɗanda za su tafi aikin bishara Nijar, tana tankaɗe a tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Nijar ɗin nan ta bayan Daura? Ai wannan ba tafiya ba ce, zumunci ne." Ni ma haka na ɗauka. Ƙauyenmu yana ƙasar Roni, cikin masarautar Kazaure. Hausawa ne mu gaba da baya, kakana ne ya fara karɓar bishara a gidanmu, zamanin da 'yan mishan na SIM suke zaune a Roni. Yarinyar da ta tashi cikin gero da fura da jigawa, me zai zame mata sabo a ƙasar Maradi?

Shekarar 2022 ce. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki tun Fabrairu, ba a koma aji ba sai Oktoba, muna zaune a gida har zaman ya ishe mu. Ƙungiyarmu ta ɗalibai Kirista ta shirya tura mutum shida, maza huɗu mata biyu, mu yi mako shida tare da wata ƙaramar ikkilisiya a arewacin Tsibiri. Sauran biyar ɗin 'yan birni ne, ni kaɗai ce 'yar ƙauye, don haka tun kafin mu tashi suka ce ni ce idonsu. Muka bi ta Kazaure, Daura, Katsina, muka ƙetare iyaka a Jibiya, muka faɗa Ɗan Issa. A lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, babu maganar biza, amma jandarma da ma'aikatan duwan, wato kwastan, suna duba takarda da kyau, kuma a nan na fara jin Hausar da rabinta na gane rabinta ya wuce ni. Kafin a shiga Maradi mun wuce Danja, inda asibitin kutare na mishan yake, wanda aka ƙara masa sashen mata masu yoyon fitsari a 2012.

Abin da ya fara kayar da ni kuɗi ne. Na tsaya sayen ƙosai a tasha, yarinya ta ce dala ashirin. Na yi ta jujjuya silalla ina neman mai lamba 20, babu. Ashe dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce wadda aka rubuta 100 a jiki, dala ɗari kuwa 500, takardar 1,000 sunanta jika. Duk farashin da aka faɗa maka sai ka ninka shi sau biyar kafin ka san abin da za ka ciro. Sai da na yi kwana goma ina lissafi da yatsa a cikin mayafi. Haka sauran kalmomi: makaranta lakwal ce, malamin makaranta mushe, wutar lantarki kuran, ɗan acaɓa kabu-kabu, kwanon awo tiya. Tsibiri gidan Sarkin Gobir ne, Maradi kuwa Katsinawa ne suka kafa sarautarsu can bayan jihadi, saboda haka bakin mutanen ya karkata yamma: lahiya, hura, tahi, wanga. Da na buɗe baki sai yara su yi murmushi su ce Bakanuwa. Ban taɓa jin kaina baƙuwa cikin harshen uwata ba sai a can, kuma hakan ya fi mini nauyi fiye da a ce garin da ba na jin komai aka kai ni. Wanda ba ya jin yare ana yi masa uzuri. Ni kuwa ana ɗauka na gane, sai a ci gaba da magana.

Mu mata biyu aka sauke mu ɗakin 'yar Baba Fasto, mazan kuma a wani ɗaki jikin majami'a. Majami'ar ginin ƙasa ce da rufin kwano, masu bi ba su wuce gida goma ba a garin. Ranar Lahadin farko da aka tayar da waƙa, sai na ji waƙar da muke yi a Roni ce, kalma da kalma, sai dai sun fi mu jan murya. Wani tsoho yana riƙe da Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassara, irin ta 1932 da kakana yake karantawa, bangonsa an ɗinke da fata. Hawaye suka zubo mini. A jami'a sau nawa aka tambaye ni, "Ke Bahaushiya ce kuma Kirista?" A nan babu mai tambaya. SIM ta shiga Nijar ta Damagaram tun 1924, asibitin Galmi kuma tun 1950 yake aiki, akwai gidajen da jikoki ne yanzu suke riƙe da bangaskiyar.

Mun zo da tsari a rubuce: darasin yara ƙarfe tara na safe, ziyarar gida-gida da rana, babban taron wa'azi da lasifika a makon ƙarshe. Safiyar farko muka share gindin bishiya, muka shimfiɗa tabarmi, yaro uku suka zo, dukansu ba su kai shekara biyar ba. Ƙarshen Yuli ne, ana tsakiyar maimai, duk wanda zai iya ɗaga hauya yana gona tun asuba. Wannan abu na san shi sarai, a gidanmu ma haka ne, amma da muke zana tsarin a birni ban tuna ba. 'Yan littattafan Hausa da muka ɗauko kuma yaran lakwal da Faransanci suke karatu, da yawansu ba su saba ganin Hausa a rubuce ba. Muka mayar da darasin bayan magariba, da fitila mai caji da rana, muka ajiye takardu muka koma labari da waƙa. Da safe kuwa mazan suka bi Baba Fasto gona, mu muka bi Mama, matarsa, rijiya.

Rijiyar tana da zurfin da sa ne yake jan guga, ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin ruwa ya iso baki. Layi ake bi. A bakin rijiyar nan na san matan garin, Musulmi da Kirista, na san wadda mijinta ya tafi cin rani Libiya shekara biyu babu labari, da wadda ɗanta yake fama da zazzaɓi. Abokiyar tafiyata aikin jinya take karanta, a nan aka fara kawo mata yara tana dubawa tana cewa a kai su likita kada a jira. Ba mu taɓa buɗe Littafi a bakin rijiya ba. Amma duk wadda daga baya ta ce mu shigo mu yi wa ɗanta addu'a, a can muka saba.

Maganar lasifika Baba Fasto ne ya kashe ta, cikin sanyin murya. Ya bari muka gama bayani, sannan ya ce, "'Ya'yana, ku kwana arba'in za ku yi ku tahi. Mu nan za a bizne mu." Ya tuna mana Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Ya ce abin da ya tsare su a garinsu shi ne shekarun da suka yi suna zuwa suna da jana'izar maƙwabta, maƙwabta suna zuwa tasu. Tun ranar da muka iso, kafin mu kwance kaya, sai da ya kai mu gaisuwa wurin mai gari da liman. Ɗaya daga cikin mazanmu ya ji zafi, ya ce tsoro ne. Ni ban ga tsoro ba. Na ga mutumin da ya shekara ashirin yana shaidar Almasihu a fili a garin da kowa ya san shi, kuma ya san abin da dare ɗaya na ƙarar lasifika zai iya rushewa.

Abin da har yau yake ci mini rai ya faru ne a mako na uku.

Kullum ana ba mu fura da rana, tuwon gero da miyar kuka da dare. Wasu cikinmu sun fara ƙorafi a ɓoye, suna kewar shinkafa da taliya, ni ma na gaji, ba zan ɓoye ba. Na lura Mama ba ta cin abinci a gabanmu. In na ce, "Mama, bismilla," sai ta ce ta riga ta ci. Na ɗauka kara ce irin ta iyayenmu. Wata asuba na tashi da wuri don in taya ta surfe, sai na hango ta a cikin rumbu, ta shige har ƙugu, tana tattaro abin da ya rage a ƙasa da tafin hannu. Da daren ranar na zaga bayan ɗakin girki neman ludayi, na tarar da yaran gidan su huɗu sun kewaye akushi guda. Kwaɗon tafasa ne da yaɗiya, da ɗan ƙuli-ƙuli. Babu tuwo. Tuwon yana gabanmu, mu shida, ƙarti masu cin bashin yunwar hanya.

Daminar 2021 ba ta yi kyau ba a Nijar, ruwa ya ɗauke da wuri. A tsakanin Yuni da Agustan 2022 an ƙiyasta mutum sama da miliyan 4 ne a ƙasar suke cikin matsananciyar buƙatar abinci. A cikin wannan tsakani muka sauka gidan mutane. Mun tara kuɗin mota, da na buga takardu, da na hayar lasifika da janareta, babu wanda ya rubuta kuɗin hatsi, don an ce mana ikkilisiya za ta ɗauki nauyin ci. Ikkilisiyar gida goma, a watan da rumbu yake ƙarewa sabon gero bai nuna ba. Ni da na san wannan wata a gidanmu, na san yadda Inna take auna kwano tana ƙirga kwanaki, ni ya kamata in fara tambaya.

Na hau tudun da ake samun layin waya na kira Inna ina kuka. Na ce zan ba Mama duk kuɗin da ke hannuna. Ta ce, "Kul! Kada ki sa mata kuɗi a hannu, za ki tona mata asiri ne. Matar da ta ɓoye yunwar 'ya'yanta don ta rufa muku asiri, ke ma ki rufa nata." Ta ce mu sayi buhu, mu sauke a ɗakin girki da rana tsaka, mu ce cefanenmu ne da ya makara a hanya. Kuma daga ranar in daina cin abinci a ɗaki, in zauna da yaran, hannuna cikin akushinsu, don uwar gida ba ta iya raba tukunya biyu in baƙuwa tana zaune a wurin.

Na gaya wa sauran. An yi shiru mai tsawo. Wanda ya fi kowa son taron lasifika shi ya fara ciro kuɗin hayar ya ajiye a tabarma. Ranar kasuwa mazan suka dawo a amalanke da gero buhu biyu, da wake, da man gyaɗa. Mama ta dubi kayan, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Da dare ta zauna ta ci tare da mu, karo na farko. Har muka bar garin ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita.

Bayan nan komai ya yi sauƙi, ko da zazzaɓi ya kwantar da biyu daga cikinmu. Gidan sauro ba abin wasa ba ne a damina, wanda ya raina shi shi ya fara kwanciya. Na koyi dama fura irin tasu, na daina lissafi da yatsa, har na fara cewa "lahiya lau" ban sani ba.

Akwai abu guda da na ɗauko daga gonar Baba Fasto. Gonarsa cike take da itatuwa, gawo da kalgo da sabara, a tsakiyar gero, ba kamar namu da muke sharewa ƙal ba. Ya ce sassaben zamani ke nan. In an zo sharar gona ba a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a bari, a rage musu rassa, su zama bishiya. Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar a ƙasar Maradi wajen 1983, manoma suka ɗauka suna koya wa juna, har ta game kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, gindinsa kuma taki ne. Mama ba ta tafiya nesa neman itacen girki. Baba Fasto ya ce da yawa a garin ta wannan hanya suka fara sauraron mutanen mishan.

Mun yi niyyar komawa a 2023, sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Muna gaisawa da Mama ta wayar ɗanta. Kullum sai ta tambayi Inna, ta tambayi ko geronmu ya yi.

Da na koma gida na gaya wa Babana zancen kututture bai amsa ba, ya dai saurara. Da bazara ta zo na bi shi sharar gona, sai na ga ya tsallake wani tohon kalgo, ya rage masa rassa ya ɗaura masa tsumma don kada yara su sare. Goma sha ɗaya ya bari a shekarar. Bakwai sun rayu, ɗaya har ya wuce tsayina.