Yinin da na kwashe da Peter Walter da yis ɗinsa

Talata, bayan sallar isha'i.

Tun da hantsi na zauna a ɗakin karatu na sashenmu domin in kammala takardar da zan gabatar ranar Alhamis, wadda aka ce ta kasance a kan masani guda ɗaya da tasirin aikinsa. Na zaɓi Peter Walter, Bajamushen da aka haifa a Berlin a 1954, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. Na fara da neman sunansa a Google Scholar, na yi ta kwafo yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka kafa hujja da su, har na cika shafi guda ina jin na gama rabin aiki.

Wajen ƙarfe sha ɗaya malaminmu ya biyo ta wurin, ya leƙa kwamfutata, ya ce, “Duk na ga lissafin nan, to amma me ya gano?” Na ce, “Malam, a shafi na gaba yake.” Ya yi murmushi ya wuce, domin ya san shafin na gaba fari fat yake.

Dole na koma kan maƙalar 1993 da ta fito a mujallar Cell. A cikin ƙwayar halitta akwai wani sashe mai kama da jakunkuna a jere, inda ake naɗe sababbin furotin su ɗauki siffar da za su yi aiki da ita. Idan aiki ya yi wa sashen yawa, furotin da ba su naɗu daidai ba sukan taru, ƙwayar ta shiga matsi. Tambayar ita ce yadda labarin wannan cunkoso yake isa cibiyar ƙwayar, inda umarnin gado yake. Walter da ɗalibansa sun yi amfani da yis, irin wanda masu burodi suke kwaɓa fulawa da shi, suka gano cewa mai kai labarin shi ne wani furotin mai suna IRE1 da ke zaune a jikin bangon sashen, kansa a ciki yana jin halin da ake ciki, jelarsa a waje tana aika saƙo. A shekarar nan dai Kazutoshi Mori, wanda a lokacin yake aiki a Dallas, ya gano abu ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba.

Da azahar na fita wurin mai shayi, ina kallo ya fasa ƙwai a kasko, ruwan nan mai yauƙi ya koma fari ya daskare cikin ƙiftawar ido. Wannan shi ne furotin da zafi ya warware masa naɗi ya dunƙule, kuma na yanke shawarar da shi zan buɗe jawabina.

Abin da ya fi riƙe ni da yamma shi ne aikin 1996 da 1997, inda suka nuna cewa IRE1 da kansa yake yanke wani gutsure daga saƙon HAC1, wato kwafin wani umarnin gado da ƙwayar take karantawa ta haɗa furotin, sannan wani sinadari ya ɗinke ragowar, sai a samu furotin da zai je ya kunna masu taimakon naɗi. A jikin ɗan Adam saƙon da ake yankewa sunansa XBP1, gutsuren kuma harafi 26 ne kacal na rubutun gado. Daga nan ne masu binciken ciwon sukari suka samu abin kamawa, tunda ƙwayoyin da ke samar da insulin kullum cikin wannan matsi suke. Lambar yabo ta Lasker da aka ba shi tare da Mori a 2014 a kan gano wannan hanyar aika saƙo ne.

Na ɗan yi shakkar saka ISRIB, sinadarin da ɗakin bincikensa ya bayyana a 2013 cewa ya ƙara wa ɓeraye ƙarfin tuna abu. Na saka shi, amma na ja layi a ƙarƙashin kalmar ɓeraye, don na san wani zai tambaye ni inda ake sayar da shi. Shafin lissafin kuwa na rage shi zuwa layi biyu, gobe da safe zan zana IRE1 a allo in ga ko zan iya ba tare da duba takarda ba.