Idan gaskiya ba ta ci kofi ba

Malamin wasanni a makarantar mishan bara ne mai iyayengiji biyu, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Da safe a wurin sujada ana karanta wa yara cewa wanda yake so ya zama babba sai ya zama baran kowa. Da yamma ni ne zan tsaya da usur a baki ina ihu cewa wanda ya zo na biyu ba ya ɗaga kofi. Yaran nan ba wawaye ba ne, suna lura. Yawancin abin da na fahimta game da inda koyarwar Almasihu ta raba hanya da lissafin duniya, a bakin fili na fahimce shi.

Idan maganar wasanni ta taso, labarin da masu wa'azi suka fi so shi ne na Eric Liddell, ɗan tseren Sikotilan da aka haifa a ƙasar Sin a 1902, iyayensa 'yan mishan. A gasar Olimfik ta birnin Paris a 1924, tseren da ya fi ƙwarewa a kai shi ne na mita 100, amma zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, sai ya ce ba zai yi gudu ba. Ya koma mita 400, inda ba a sa masa rai sosai ba. Kafin tseren ƙarshe aka miƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da maganar da ke 1 Sama'ila 2:30, cewa wanda ya girmama Allah, Allah zai girmama shi. Ya zura a guje, ya gama cikin daƙiƙa 47.6, ya ɗauki zinariya. Nan mai wa'azi yake tsayawa, jama'a su ce amin.

Ni dai yadda ake yanke labarin a nan ya daɗe yana damuna. Abin da yaro yake ɗauka ya tafi da shi gida shi ne ka ba Allah mita 100, ya biya ka da mita 400. Wannan ciniki ne, kuma duniya ta fi mu iya shi. Liddell ya san jadawalin tun watanni kafin gasar, ya yanke shawararsa lokacin da babu wanda ya yi masa alkawarin komai. Da ya zo na biyar a mita 400, shawarar tana nan daram yadda take, sai dai da wuya a ji sunansa a bakin fastocinmu. Akwai Michael Jones, gwanin wasan zari-ruga na ƙasar Niyu Zilan, wanda shi ma ba ya wasa ranar Lahadi. A gasar cin kofin duniya ta 1991 wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo Lahadi, bai buga ba, Ostireliya ta fitar da su. A 1995 ma ba a tafi da shi gasar ba. Ban taɓa jin an yi wa'azi da wannan ba.

Abin ya zo mana har gida a wata gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun sakandare, ta 'yan ƙasa da shekara 17. Ana gobe za a rufe rajista, wani dattijon ikkilisiya, wanda shi yake saya mana jesi da ƙwallo, ya shigo ofishin shugabar makaranta da wani saurayi a bayansa. An sa masa rigar makaranta, maɓallin ƙirji ya ƙi rufuwa. Haɓarsa duk ƙurajen reza ne, ƙarƙashin faratansa baƙin mai na gareji.

"Malam, ga ɗan ƙanena," in ji dattijon. "A sa sunansa cikin 'yan aji biyar. Ƙafarsa ta hagu ba ta kuskure."

Kafin in buɗe baki shugabar ta jawo littafin rajista ta ajiye a gabansa. "Baba, a yi mana haƙuri. Wanda sunansa ba ya cikin nan ba ɗanmu ba ne a fili."

"Mama, su waccan makarantar fa? Rabin 'yan wasansu 'yan haya ne, kowa ya sani. Ko so kike a ce makarantar Kirista ce kullum ake lallasawa? Sunan Ubangiji nake karewa."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi tsorata ni, domin da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada. Amma a ransa ya riga ya yarda cewa darajar Allah tana hawa tana sauka da allon sakamako, har ƙarya ta zama hidima. Kuma ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Rage shekaru tsohuwar cuta ce a ƙwallon ƙasar nan. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, kuma a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, sai da aka kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. Abin da babba ya yi, shi ƙarami yake kwaikwayo.

Muka je da yaranmu, aka casa mu tun zagayen farko. Babu wata zinariya da ta faɗo daga wani wuri. Shekarar da ta biyo baya jesi bai zo ba. A cikin mota muna dawowa, kyaftin ɗinmu, idonsa jawur, ya ce, "Malam, to ina amfanin addu'ar da muka yi?" Na ce masa su ma waɗancan sun durƙusa kafin a take wasa, ka gan su. Da Allah alƙalin wasa ne mai karɓar na goro, da sai mu ce sun fi mu biya. Na tambaye shi ko akwai wanda zai kalli takardarsa ya ce ya yi ƙarya. Ya ce babu. Bai gamsu ba, ni ma ban matsa masa ba, yaro ne kuma an ci shi.

Kada a ɗauka ina koya wa yara raina nasara. Manzo Bulus bai raina ta ba. Mutanen Korinti sun san tsere, domin kusa da garinsu ake wata babbar gasa duk bayan shekara biyu, wanda ya ci a ɗora masa kambin ganye. A 1 Korantiyawa 9 ya ce musu su yi gudu irin na mai son ya ci, ya yaba wa 'yan tsere yadda suke horar da jikinsu, sannan ya tuna musu cewa kambin nan bushewa yake. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti kuma ya ce ɗan wasa ba ya samun kambi sai ya bi ƙa'ida. Shi ya sa yaron da ya yi lalaci a atisaye ya ce ai duniya ba komai ba ce, zagaye biyu nake ƙara masa. Inda aka rabu shi ne me za ka iya sayarwa domin ka ci, da kuma wa kake gani a fili. Duniya tana ganin mai zura ƙwallo. Bishara ta tilasta mini in ga yaron da yake cika jarka da ruwa kullum amma bai taɓa tashi daga benci ba, in ba shi mintunansa ko da iyaye na gefe suna gunaguni.

Rabin labarin Liddell da ba a cika faɗa ba ya fi amfanar aikina. Shekara guda bayan Paris, yana ganiyar tashe, ya koma ƙasar Sin yana koyarwa a birnin Tianjin, daga baya ya shiga ƙauyuka da aikin bishara. Da yaƙin Japan da ƙasar Sin ya tsananta a 1941 ya tura matarsa da 'ya'yansa Kanada, tana da cikin 'yarsu ta uku, wadda bai taɓa gani ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a sansanin Weihsien. A can yana koyar da yara kimiyya, yana ɗaukar wa tsofaffi kaya, yana shirya wa matasa wasanni. Waɗanda suka zauna da shi sun ba da labarin cewa da farko ya ƙi shirya wasa ranar Lahadi, sai matasan suka yi abinsu babu alƙali, wasa ya rikiɗe ya zama dambe. Lahadin da ta biyo baya ya fito ya yi musu alƙalanci. Ya rasu a sansanin a watan Fabrairun 1945 da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a 'yantar da su.

Mutumin da ya ƙi gudu ranar Lahadi lokacin da ɗaukakarsa ce a gaba, ya fito ranar Lahadi lokacin da 'ya'yan mutane suke fasa wa juna baki. Na kawo wannan a zaman kwamitin makaranta da ake gardama kan ko 'yan kwana za su riƙa buga ƙwallo da yammacin Lahadi bayan sujada. Wasu dattawa sun tsaya kan cewa ranar hutu ce, wasu suka karanto Markus 2:27, cewa domin mutum aka yi Asabar, wato ranar hutu. Ba a cim ma matsaya ba. Wanda ya fi kowa tsauri a cikinsu ya ce shi iyakar Paris ya san labarin, ya nemi in kawo masa sauran a rubuce kafin zama na gaba.