Tambayar da 'yata ta ɗaure ni da ita

Daren jiya 'yata ta fasa kofi, ta ce ba ita ba ce. Na ce mata Allah ya hana ƙarya. Ta yi shiru tana murza bakin rigarta, can sai ta ce, "Baba, da bai hana ba, da ƙarya tana da kyau ke nan?"

Sai da na yi jim. Yarinyar ba ta san tsohuwar rigima ta tono ba. Sukrat, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya yi irin wannan tambaya a birnin Atina shekara 2,400 da suka wuce. Malaman Musulunci ma sun kai ruwa rana a kanta: Mu'utazilawa suka ce hankali kan gane munin zalunci ko wahayi bai zo ba, Ash'arawa suka ce shari'a ce ke yanke kyau da muni.

Ni dai Hilful Fudul ke tsaya min a rai. Kafin annabci, wasu Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bn Jud'an, suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka. Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, bayan zuwan Musulunci kuma ya yabi alƙawarin. A ganina, sun riga sun san ma'anar zalunci, addini ya zo ya ɗora masa hisabi. Na san wani zai ce ɓurɓushin addinin Annabi Ibrahim ne ya rage musu, kuma hujjarsa ba ta yarwa ba ce.

Ita kuwa, na tambaye ta yaya za ta ji in na yi mata ƙarya. Ta ce, "Zan yi fushi da kai." Ta tafi ɗauko tsintsiya.