Kalma ɗaya da na furta a gaban na'urar bincike

Shekara shida ke nan ina aikin kula da fasinjoji a jirgin sama, kuma duk ranar da nake da tashin safe ina barin gidanmu a unguwar Nima da ke Akara tun ba a kira sallar asuba ba, in isa filin jirgi, in cire agogo da takalmi, in ɗora jakata a kan na'ura kamar kowane matafiyi. Ban taɓa ƙin bin wannan ƙa'ida ba, amma tana ci mana tuwo a ƙwarya. Na sha ganin an karɓe ɗan almakashi daga hannun matuƙin da zai riƙe rayukan mutum fiye da ɗari nan da awa guda, alhali akwai gatarin gaggawa a ɗakin tuƙin da zai shiga.

A daminar bara aiki ya kwana da mu a wani birni na wata ƙasa maƙwabciya. Motar da ta kwashe mu zuwa masauki ta bi hanyar da ta kewaye filin jirgin, kuma a nan na ga inda ruwa ya zaizaye ƙasa har ginshiƙai biyu suka kwanta, wayar shingen ta zube. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa wurin, wadda ciyawarta ta mutu saboda yawan bi, ga awaki suna kiwo ta ciki, ga yara biyu suna tsallakawa da farantin talla a ka. Nan take na tuna yaron nan ɗan shekara 14 da ya haura katangar filin jirgin Abijan a Janairun 2020, aka tsinci gawarsa a ma'ajiyar tayar jirgi a Faris, domin a can sama sanyi yana wuce digiri 50 ƙasa da sifili, iskar shaƙa kuma ba ta isa. Na kuma tuna jirgin da ya afka cikin garken shanu a Fatakwal a 2005.

Takardar rahoton tsaro tana cikin jakata a daren. Gajiya ta sa na ce sai gobe.

Washegari jami'in bincike ya zaro kwalbar man kaɗen da mahaifiyata ta cusa mini a jaka, ya ce ta haura mililita 100. Gaskiyarsa ce, domin tun bayan makircin da aka bankaɗo a Landan a 2006 dokar ta haɗa har da man shafawa. Amma hoton shingen nan bai bar idona ba, sai na ɗaga murya a gaban fasinjoji na ce masa su je su ɗinke shingensu tukuna, domin wanda ke son sa bam a jirgi ba ta nan zai biyo ba. Ban rufe baki ba na ga fuskarsa ta canza. Aka tsayar da layi, aka shigar da ni wani ɗaki, aka zazzage kayana, aka yi mini tambayoyi na kusan awa biyu. Jirginmu ya makara, daga ƙarshe ya tashi ba da ni ba. Da na dawo Akara kamfani ya dakatar da ni mako uku, aka riƙe katin shigata, na rasa alawus ɗin tafiye-tafiye na wata guda, a daidai lokacin da kuɗin makarantar ƙanena ke jira.

Asarar kuɗin ba ita ce ta fi yi mini ciwo ba. Rahoton shingen da na rubuta bayan faruwar abin, kowa ya karanta shi a matsayin uzurin wadda ta yi laifi take neman mafita. Da a daren na cike takardar, na miƙa wa kyaftin da sa hannu da lokaci, da ta shiga hannun masu kula da tsaro a matsayin shaidar ma'aikaciya mai lura. Kwana ɗaya na jinkirta, kalma ɗaya na furta, maganar gaskiya ta zama abin zargi a bakina.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana gadi kafin ya yi ritaya, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, wanda ya karɓe miki man ba shi ya kafa shingen ba, kuma da ya bar ki kin wuce, shi za a kora." Na kasa musa masa. Na kuma san dalilin da ya sa ake bincikenmu, an koya mana shi tun a horo: a Disambar 1987 wani korarren ma'aikacin kamfanin jirgi a Kalifoniya ya yi amfani da katin aikinsa ya wuce da bindiga ba tare da an duba shi ba, jirgin ya faɗi da mutum 43.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba cewa an karkatar da ƙarfi wuri guda. Ƙofar da fasinja ke gani ita ake ƙawatawa da na'urori, shinge mai tsawon kilomitoci kuma a bar shi ga ruwan sama da masu gadi ƙalilan. Ko a Turai, a Fabrairun 2013, mutum takwas sun yanke shingen filin jirgin Burasel suka shiga da motoci har gindin jirgi, suka kwashe lu'ulu'u na kimanin dala miliyan 50. Abin da nake gaya wa ƙannena sababbin shiga aiki shi ne su rubuta abin da suka gani kafin su kwanta, da wuri da lokaci, kada su ɗauki hoton shinge da waya domin hakan kaɗai zai iya sa a tsare su, kuma kada kalmar nan ta fito daga bakinsu a filin jirgi ko da suna da gaskiya.

Bayan wata huɗu aka sake sa ni a wannan hanyar. An ta da ginshiƙi ɗaya, an toshe ragowar da langa-langa, amma hanyar ƙafar tana nan, ta ɗan karkata zuwa hagu. Tun muna cikin mota na zaro takardar na fara cikewa a kan cinyata.