Maruƙa uku na rasa kafin na san darajar dakashi

Ƙannena masu shiga harkar kiwo, musamman ku da kuka sayi karsana ɗaya ko biyu kuka turke a bayan gida, ku ji abin da ya same ni a daminar da na fara tsayawa kan shanun mahaifinmu.

Wata karsana bunaji ta haihu da tsakar dare, haihuwar fari. Ta ƙi ɗan. Da ya nufi hantsa sai ta kai masa harbi. Na ce bari gari ya waye, ai ba zai mutu da yunwar dare ɗaya ba. Sai da hantsi muka ɗaure mata ƙafa ya sha. Kwana huɗu da haihuwa ya fara zawo kamar ruwa, bai kai mako ba ya mutu.

Likitan dabbobi ne ya fahimtar da ni daga baya. Saniya ba ta ba ɗanta garkuwar jiki tun yana ciki yadda mace ke ba jaririnta. Maraƙi yakan faɗo duniya ba shi da kariya ko kaɗan. Kariyar tana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, kuma hanjin maraƙin ba ya iya zuƙe ta sai a sa'o'in farko. Bayan awa 6 ƙofar ta fara rufewa, zuwa awa 24 ta rufe. Ni kuwa na bar shi kusan awa 10 da baki a bushe, yana lasar ƙasar turke. Abin da ake so ya sha dakashi kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ke nan maraƙi mai kilo 20 lita 2, da wuri. In uwar ta ƙi shi, ku tashi ko ƙarfe biyun dare ne, ku wanke hantsar, ku tatsa a ƙwarya mai tsabta ku ba shi da ɗuminsa. Masu tatse dakashi su zubar don wai yana sa zawo, wallahi maganin suke zubarwa.

Sauran biyun dangwali ne ya ci su, wato igiyar ɗaure maruƙa. Na ɗaure jarirai igiya ɗaya da maruƙa 'yan wata biyu, wuri guda tun farkon damina, kashi da laka sun cakuɗe. Ƙwayoyin da ke kawo wannan zawo ta kashi suke fita, ta baki suke shiga. Babban maraƙi na iya zubar da su yana wasansa lafiya lau, jaririn da ke gefensa ya kwasa. Yanzu saniya mai shirin haihuwa wurinta daban, busasshe, cibiyar ɗan kuma aidin muke sa mata. Wanda ya fara zawo a take muke ware shi, da ƙwaryarsa.

Da suka kamu na ƙara wani kuskuren: na hana su nono, na sayo allurar kashe ƙwayoyin cuta (antibayotik) a kasuwa na yi ta ɗirka musu. Yawancin zawon mako na ɗaya zuwa na uku ba ya jin irin wannan allura. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe maraƙi. Ya ci gaba da shan uwarsa, a tsakani kuma a riƙa ba shi ruwan gishiri na dabbobi mai gulukos. Kada ku haɗa masa da sukarin shayi kamar na yara, cikinsa bai iya narkar da shi ba, zawon zai ƙaru.

Don gane ko ruwan jikinsa ya ƙare, ku ja fatar wuyansa ku saki. In ta tsaya ba ta koma ba, ko ido ya faɗa, ko ya kasa tsotson yatsarku, ya wuce abin da za a yi a gida, sai ƙarin ruwa ta jijiya, ku kira likita a ranar. Kuma ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa abinci, ku hana yara wasa wurin, don wani nau'in zawon maruƙa yana kama mutane.