Mako na biyar da hasumiyar Bankin Sin: kwali, tsinken tsire da alwatika

'Yan uwa masu koyon haɗa ƙananan gine-gine, barkanmu da war haka. Yau mako biyar ke nan ina kan samfurin hedikwatar reshen Bankin Sin da ke Hong Kong, kuma sai daren jiya ginin ya tsaya da ƙafarsa a kan tebur ba tare da na tokare shi da kwalbar gam ba.

Ga wanda bai ga rubutun farko ba, ma'aunina 1:500 ne, wato santimita ɗaya a wurina mita biyar ce a ainihin ginin. Ainihin ginin mita 315 ne zuwa rufi, idan aka haɗa da sanduna biyun da ke kansa ya kai mita 367. Gindinsa murabba'i ne, kowane gefe mita 52. A wurina ke nan tsawo santimita 63, gindi 10.4, sandunan kuma kusan goma da rabi. Kwalin katan ɗin taliya nake amfani da shi, da sabuwar reza, da rula ta ƙarfe, da tsinken tsire da na roƙa wurin mai naman unguwarmu.

Abin da ya sa na zaɓi wannan gini shi ne yadda ake iya zana shi da layi shida kacal. Ka zana murabba'i, ka ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ka samu alwatika huɗu. Kowace alwatika ta miƙe sama kamar ginshiƙi, amma ba tare suke ƙarewa ba. Ta farko ta tsaya a hawa na 25, ta biyu a na 38, ta uku a na 51, ta huɗu kaɗai ta kai hawa na 70. I. M. Pei, wanda ya zana shi, ya ɗauko siffar daga gora, yadda take tsiro gaɓa bayan gaɓa. Da na yanka alwatikan nan huɗu na jera su a tsaye, ko gam ban sa ba, ƙanwata ta leƙo ta ce ai ta gane ginin da ke allon wayata ne.

Sai dai da na manna su, abin ya riƙa murɗewa. Ka ɗan taɓa saman da yatsa, sai ya karkace kamar tsohuwar rumfa. Kwana uku ina ƙara kwali a ciki, nauyi na ƙaruwa, karkata ba ta daina ba. Laifina ne: na ɗauka manyan farare layukan nan da ke gicciye a jikin ginin ado ne, na bar su sai ƙarshe in zana da alƙalami. Ashe su ne ƙashin bayan ginin. Injiniya Leslie Robertson ya tsara su ne domin su kwashi nauyi su kai shi ga manyan ginshiƙai huɗu na kusurwoyi. Akwai ginshiƙi na biyar a tsakiya, amma bai sauko ƙasa ba, a wajen hawa na 25 yake sauke kayansa a kan waɗannan huɗun. Hong Kong gari ne na mahaukaciyar guguwar teku, dole dogon gini ya iya tsayuwa gaban iska, kuma wannan dabara ta sa aka yi hakan da ƙarfen da bai kai na sauran gine-gine masu irin tsawonsa ba.

Sai na warware komai. Na kafa tsinke huɗu a kusurwoyi, na raba tsawon gida-gida, kowane gida hawa 13, na gicciya tsinke biyu a kowane. Ina manna na ƙarshe na ji abin ya yi ƙam a hannuna. Na girgiza teburin da gangan, ko gezau. Don Allah wanda zai gwada, ya fara da tsinken kafin bango. Ku kuma fere bakin kowane tsinke a karkace domin ya kwanta a jikin ɗan uwansa, in ba haka ba gam zai taru a mahaɗa ya yi dunƙule.

Akwai labari a kan waɗannan layuka. A zanen farko, akwai layukan kwance da ke rufe kowane gida, sai fuskar ginin ta cika da alamar X, wadda mutanen wurin ke dangantawa da rashin sa'a. Masu bankin suka nuna damuwa. Pei ya ɓoye na kwancen a cikin gini, abin da ido ke gani ya koma jerin lu'ulu'u. Ni ma haka na yi, na kwancen suna ciki, na lulluɓe su da kwali. Duk da haka ginin bai tsira daga bakin masana feng shui ba, wato al'adar Sinawa ta duba mazaunin gini da fuskantarsa, waɗanda suka ce kaifin kusurwoyinsa kamar wuƙa ne da aka nuna wa maƙwabta. Ni dai kaifin nan ne ya fi burge ni, kuma shi ne ya fi wuyar fitarwa da kwali, don reza na ɗan dakushewa sai bakin ya yi gashi.

Wani abin da ya taɓa zuciyata: mahaifin Pei ya taɓa shugabantar reshen wannan banki a Hong Kong. An fara ginin a 1985, lokacin birnin na hannun Ingila, 'yan watanni bayan an sa hannu a yarjejeniyar mayar da shi ga Sin a 1997. An buɗe shi a 1990, ya zama ginin bene na farko a wajen Amurka da ya haura mita 305, kuma ya riƙe kambun mafi tsawo a Asiya har 1992.

Inda na maƙale yanzu shi ne rufi. Saman kowace alwatika a gangare yake, daga tsakiya zuwa bangon waje. Na yanka huɗu daidai da girman alwatikar gindi, duk suka gaza, domin abin da ya kwanta a gangare dole ya fi na shimfiɗe tsawo. Kwali mai kyau ya tafi a banza. Yanzu farar takarda nake ɗorawa a gurbin, in danna bakin da farce har ya fito, sannan in kwafa a kwali. Biyu sun zauna daram, saura biyu.

Maganar gilashi kuma ban yanke shawara ba. Na gwada takardar alminiyom, tana yamutsewa, tana sa ginin ya yi kama da ƙunshin alewa. Ina tunanin fenti ruwan toka mai ɗan shuɗi, sannan in ja layin tagogi da fensir mai tsini. Wanda ya taɓa fitar da ƙyallin gilashi a kan kwali ya taimaka ya faɗa mini abin da ya shafa, kafin in sayi fenti ranar Asabar.