Yadda yashe kwata ya koya mini aikin sulhu

Na shiga ƙungiyar sa kai ne don ayyukan da ido ke gani: yashe kwata, gyaran ajujuwa, ba da gudummawar jini. Zaman lafiya ba ya cikin lissafina. Sai dai ƙungiyar ta haɗa mutanen da a waje ba sa ga maciji da juna, addini daban, yare daban, jam'iyya daban, kuma da tafiya ta yi tafiya na gane cewa haɗuwar nan ta fi kwatar da muke yashewa muhimmanci.

Mun sha shirya lacca ranar 21 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don zaman lafiya. Ban raina ta ba, amma masu zuwa dama ba su ne masu ɗaukar makami ba. A yi jawabi, a tafa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Matasan da muke tsoron a ingiza ba sa zaman sauraron jawabi, amma idan ka ce akwai aiki, ka miƙa musu shebur, za su zo. Wanda ya riƙe maka tsani kana kan rufi, da wuya ka yarda idan aka ce maka duk mutanensu mugaye ne.

Cuɗanya kaɗai ba ta isa ba fa. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna cewa haɗuwa tana rage ƙiyayya ne idan ɓangarorin suna kan matsayi ɗaya, suna da buri guda, suna aiki tare, kuma shugabanni na mara musu baya. Sharaɗin farko shi ya fi ba mu wahala. Idan kullum ɓangare ɗaya ke bayarwa, ɗayan na karɓa, to raini ake shukawa ana zaton alheri ne. Shi ya sa muka tsara cewa shugaba da ma'aji ba za su fito daga ɓangare ɗaya ba, ana karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, ayyuka kuma na zagayawa unguwa-unguwa. Ko inda za a haƙa rijiya sai an zauna da kowa, domin rijiyar da aka ajiye a ƙofar wasu tana iya zama sanadin faɗa.

Ranar da na ga amfanin duk wannan, jita-jita ce ta ɓulla da dare cewa an kashe wani yaro a unguwar ɗaya ɓangaren. Kafin a ce me, matasa sun fara taruwa. Wani ɗan ƙungiyarmu ya kira takwaransa na can, shi kuma ya garzaya asibiti ya tarar da yaron a raye, haɗarin babur ya yi. Aka naɗi muryar mahaifinsa aka watsa ta WhatsApp, taron ya watse. An ɗauki wayar ne, an kuma yarda da mai maganar, saboda an daɗe ana zufa tare. Binciken masanin kimiyyar siyasa Ashutosh Varshney kan biranen Indiya ya gano haka: inda Hindu da Musulmi ke cikin ƙungiyoyi guda, kamar Calicut, tarzoma ba ta cika samun gindin zama ba, saɓanin Aligarh, inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi ƙaranci.

Manyan ƙungiyoyin sa kai na duniya sun daɗe da fahimtar wannan. Rotary, wadda aka kafa a Chicago a 1905, tana horar da masu sasanci a cibiyoyinta na zaman lafiya tun 2002, ɗaya tana Jami'ar Makerere a Uganda. Lions kuwa tana shirya gasar zanen zaman lafiya ga yara 'yan shekara 11 zuwa 13.

Akwai inda ƙarfinmu ya tsaya. Rikicin fili ko zaluncin da aka ƙi hukuntawa ya fi ƙarfin shebur da lambar waya. Wannan aikin kotu ne da hukuma. Abin da muke iyawa shi ne mu ji ƙishin-ƙishin da wuri, mu kai maganar inda ya dace, mu kuma raka ɓangarorin biyu su zauna tun kafin a fara jifa.